Burodi Ɗari Biyu

Daga Asokoro zuwa Majalisa minti sha biyu ne
in ba a tare hanya ba.
A cikin minti sha biyun nan maigidana ke gyara ƙasa.
Ni da sitiyari, shi da takarda,
madubi kaɗai ke haɗa idanunmu.

"Saurara, Barau," ya ce, yana gyara zaman tabarau.
"Hukuma bakwai, kunne bakwai, kowanne da abin da ya toshe shi.
Soja ya ji, ya kulle a durowa.
Ɗan sanda ya ji, ya ce ba huruminsa ba ne.
Na farin kaya sun rubuta, sun buga hatimi,
takarda ta tsufa kafin ta hau bene.
Mun sayi jirgi marar matuƙi, mun kasa sayen yardar talaka.
A tara su ɗaki guda, su dinga magana da juna!
Yaya ka ji?"

Na ce, "Ya yi, ranka ya daɗe."
Kuma ya yi ɗin, ban yi masa ƙarya ba.

Sai dai ran nan bakina ya riga hankalina.
A danjar Sakatariya, muna jiran kore,
na ce, "A garinmu, can bayan Wase,
mai gidan burodi ne ya fara sani.
Garin da ba ya cinye hamsin a yini,
aka zo a babur aka ce ɗari biyu,
kuɗi sababbi fil, ba tayi, ba neman gyara.
Malam Sallau ya ɗaure musu, hannunsa na rawa.
Bayan isha ya bi ta lungu zuwa caji ofis,
aka ce masa mota ba mai.
Kwana uku tsakani suka shigo.
Ƙanena Tanimu na cikin waɗanda muka jera a gindin tsamiya."

Maigida ya yi shiru har fitila ta canza.
Sai na ji ƙarar murfin biro.
"Allah ya jiƙansa. Wa ka ce sunan mai burodin?"

Ni kuwa na faɗa,
har da sunan unguwa,
kamar mai kwatanta gidan ɗan'uwa ga mai rabon zakka.

Azahar ta same ni a wurin ajiye motoci,
mu direbobi mun kewaye rediyo, ana ɓarar gyaɗa.
Muryarsa ta fito da Turanci mai santsi.
Ba duka nake kamawa ba,
amma kunne ba ya ɓatan sunan gida.
Na ji Wase.
Na ji ɗari biyu.
Na ji Sallau, sau biyu, ana buga tebur.
Wani ya dafa kafaɗata: "Kai, oganka ya iya zance."

A daji ma akwai rediyo.
Suna da batir, suna da mai fassara.

Na zaga bayan wata jif na danna lambarsa.
Matar nan ta kamfani ta ce a kashe take.
Na kira ɗansa, na kira mai shayin ƙofar gidansa,
ya ce tun hantsi ba a ga hayaƙi a tanderu ba.
Ko ya tafi sarin fulawa ne.
Ko.

La'asar sakaliya maigida ya shigo, fuska na sheƙi.
"Barau, labarinka ya girgiza zaure!
Har 'yan adawa sun miƙe.
Ka san sashe na tara na ƙudirin?
Kariya ce ga duk mai kawo bayani.
Ba mai jin sunansa, har abada."

Na ce, "Madalla, ranka ya daɗe."
Ya ce in ƙara sanyi. Na ƙara.

Wayata na kan cinya, fuskarta a sama.
A kowace danja ina leƙawa.
Shi yana baya yana karanta saƙonnin yabo,
wani ya ba shi dariya, ya maimaita mini.
Yau an tare hanya wajen barikin 'yan sanda,
wani babba zai wuce,
muna tsaye, jiniya na ta kuka.