Hoto Na Goma Sha Ɗaya

Na kai wa Baba Ilu wayata a shagonsa na Bur Sudan,
inda fanka ke juyawa kamar mai gyangyaɗi.
Ya goge tabarau da bakin jallabiya,
ya ce, “Kawo mu ga abin da Sawakin ta ba ki.”

A na farko bai ce uffan ba.
A na biyu ya ja tsaki.
A na uku ya ce, “Zulai, wa ya fille wa hasumiyar nan kai?
Ta sha iskar teku tun kafin kakanki ya sauka daga raƙumi,
ke kin gama da ita da yatsa ɗaya.

Wannan kuma da rana tsaka kika ɗauka.
Rana in tana bisa ka ba ta ba da labari.
Dutsen murjani fata gare shi irin ta tsoho,
ramuka, tabo, gishirin da teku ya tofa masa,
ke kin mai da shi fari fat kamar takardar asibiti.
Ki bari sai la'asar sakaliya,
haske ya zo ta gefe yana lallaɓa bango
kamar makaho mai shafa fuskar ɗansa.”

Na ce zafi ne ya kore ni.
Ya ce, “Zafi kowa yake kora,
shi ya sa hoton kowa iri ɗaya ne.”

Ya ja yatsa. Ƙofa, ba kowa. Soro, ba kowa.
“Ta yaya zan san tsayin ƙofar nan?
Ko kyanwa ce ki jira ta gifta,
garin da kyanwoyi suka gada ba a rasa mai wucewa.
Gini ba mai numfashi kusa da shi
ƙwarya ce aka wanke aka kife.”

Sai na goma sha ɗaya:
bango mai hawa biyu, da tagar katako mai ido dubu,
ya jingina da sama kamar mai ciwon baya.
“Kin tsaya a gindinsa kin ɗaga hannu.
Ja da baya. Hau wani abu.
Riƙe wayar daidai ƙirji, ki miƙe kamar mai tayar da salla.”
Na ce, “Baba, ba hannuna ne ya karkace ba, bangon ne.”
Ya ce, “Haka kowa yake faɗa.”

Mako uku na yi ina tara kuɗin mota.
Na sauka bayan azahar, na zauna a inuwar kwalekwale
ina shan kofi mai citta, ina jiran rana ta sunkuya.
Da ta sunkuya na bi lungun,
na wuce rijiyar, na karya kwana.

Sama ce kawai a wurin.

Duwatsu tsibi guda, katakon tagar a kwance
da idanunsa dubu cike da yashi.
Wani masunci mai ɗinkin koma ya ce daren Alhamis ne,
bayan ɗan yayyafi,
ƙarar ma ba ta kai ta buhun gishiri ba.

Na ja da baya. Na hau ganga.
Na riƙe wayar daidai ƙirji.
Haske ya zo ta gefe, yana lallaɓawa.
Har kyanwa ta zo, ja, mai kunne ɗaya,
ta hau tsibin ta zauna kamar an aiko ta.
Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba.

Baba Ilu ya jera su biyu a kan tebur.
Fanka ta zaga, ta sake zagawa.
Shayinsa ya huce, ƙuda ya sha rabonsa.
Can ya ture sabon gefe da bayan hannu,
ya ɗora yatsa kan karkataccen.

“Wannan za mu wanke. Babba.
Za a rataye shi nan, saman ƙofa.”

Na juya zan fita ya kira ni,
muryarsa ta ɗan dushe.
“Zulai.
Duk da haka kin yanke gefen tagar.”