Bakin Allo

Nestan ta shigo da shi a kafaɗa
kamar mai ɗauke da ɗan maraƙin da ya karye,
dusar ƙanƙara na narkewa a girarta.
Ta ce dutse ne, can ƙasan gangaren Sadzele,
ya ɓuya ƙarƙashin farin da bai kai taƙi ba.
Na ce dutse ba ya ɓuya, yarinya,
mu ne ke zuwa masa da gudu.

Na kwantar da allon zamiyar bisa benci.
Bakin ƙarfen ya bar layinsa tsawon yatsu huɗu,
ya karkace kamar haƙorin da ya ci tsakuwa,
haƙarƙarin gefe ya tsage,
kana hango itacen ciki
yana shan ruwan da ba wanda ya ba shi.

Wai gobe take son hawa.
Jiƙaƙƙen itace ba ya karɓar gam, na ce,
kamar yadda mai fushi ba ya jin ban haƙuri.
Kwana biyu a gefen murhu tukuna.
Ta buga ƙofa har guduma ta motsa a ƙusarta.

Ran na uku na sa reza,
na yanke abin da ya mutu, na kankare datti,
na cusa 'yar tsinke don bakin raunin ya buɗe.
Sai wuƙar ta yi karo da wani abu.
Ƙarƙashin hoton kerkecin da aka manna,
kawunan ƙusoshin tagulla uku,
na tsakiya da ɗan tsagi a gicciye.

Duk Gudauri ba mai yin wannan tsagin sai ni.

Sanyi tara ke nan. Tamaz yana da sha bakwai,
ya tsaya daidai inda ta tsaya,
shi ma gobe yake so.
Ya sayar da allon makon da ya samu tuƙin tirela.
Yanzu ran Lahadi yake kira daga wani bakin titi,
mu yi zancen kuɗin mai, mu yi shiru,
ya ce a gaida Mzia.

Na dama gam ɗin, kwalba biyu, awo ɗaya;
in ka fifita guda, ba sa kamawa.
Na ari na'urar busar da gashin Mzia
na hura masa ɗumi har ya saki jiki kamar zuma,
na ɗura da sirinji, lungu lungu.
Ƙarfen kuwa lallashi yake so:
guntun katako a kai, guduma a hankali,
taf, taf, har ya tuna hanyarsa.
Salatif, faffaɗan ƙarfe sama da ƙasa,
matsi shida, kowanne na murɗa
sai da gam ya tsattsafo a bakin tsagar.

Daga nan aikin na dare ne, ba nawa ba.

Da safe magagari ya sha rabonsa,
samfefa ta bi sawu,
na narka kaki da tsohon dutsen guga.
Na goga farcena a kaifin, ya fere.

Ta zo tun injin hawa bai tashi ba.
Na tambaya ina ta samo shi.
Kasuwar gwanjo a Tbilisi, ta ce,
gun mutumin da bai san gabansa da bayansa ba.
Ta ɗora babban yatsa kan tabon. Zai riƙe?
Na ce wancan tsohon ɗinkin na kusa da shi
shekara tara yana riƙe.

Ta ƙirga lari arba'in, na mayar da goma.
Ta taga na ga jar hularta tana ƙanƙancewa.
Yau Alhamis.
Na goge gam a hannuna, na ɗauki waya.