Tsatsar Cikin Jiki

Shekara talatin da ɗaya mahaifina Leszek
yana kankare tsatsa a jikin jirage, a tashar Gdansk.
Yakan ce ƙarfe ba ya tsoron guduma,
iska ce ke cin sa, sannu-sannu, ba ko sallama.

Yanzu hannunsa na dama ya daina jin magana.
Cokali ya taso daga kwanon miya,
kafin ya kai baki rabi ya koma inda ya fito.
Sai ya yi dariya: "Dobrawa, jirgin nan ya fara yoyo."

Na daɗe ban gaya masa ba
cewa iskar da yake zargi, wadda muke shaƙa mu rayu,
tana barin tartsatsi a cikin ƙwayoyin jiki,
'yan fizge masu yunwa,
wannan ya wafci na maƙwabci,
maƙwabci ya wafci na gaba,
har ƙwaƙwalwa ta wayi gari da ɓaraka.

A ɗakin bincike, hawa na huɗu,
inda taga ke kallon ƙugiyoyin tashar,
ina dama wani gari mai ɗan rawaya, siriyam sunansa.
Tsaga silin gashi gida dubu goma,
ɗauki ɗaya: girman ƙwayarsa ke nan.
Halinta ne ya kama ni.
Ta cafke tartsatsi ta kashe,
ta karkaɗe jiki ta koma yadda take,
ta sake tara hannu,
ba ta cewa na gaji, ba ta neman lada.

Ɓeraye arba'in muka ba.
Goma sha tara sun bar tangaɗi, sun hau sanda sun tsaya.
Na fita baranda cikin ƙanƙara ba riga mai kauri,
na yi kukan da ban shirya ba.
Da safe Ziemowit ya ajiye mini hotunan hanta:
bakwai sun tara garin, sun ƙi saki.
Ya ce, "Shekara goma, in an yi sa'a."
Na lissafa a zuci. Baba yana da saba'in da huɗu.

Ran Asabar na kawo shi, ya sa hular zuwa coci.
Ya duba injina ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman inda aka yi ha'inci a walda.
Na miƙa masa kwalbar. Ya karɓa da hannun nan,
ruwan ya girgiza, ya gauraye.
"Kin gani? Na taya ki aiki, ba ki biya ni ba."

Ya ɗaga ta wajen haske.
"Fenti ne?"
Na ce kusan haka, amma ta ciki ake shafawa.
"Ya kama?"
Na ce a wasu ya kama, a wasu ya taru inda ba a so.

Ya yi shiru, har jirgin ƙasa ya wuce a ƙasa.
"To kada ki yi gaggawa.
Fentin gaggawa a tsakiyar teku yake ɓamɓarewa."
Na buɗe baki, ya riga ni:
"Na san lissafin da kike yi, bar shi.
Jirage nawa na kankare?
Ko ɗaya ban taɓa hawa ba."

Ya mayar mini da kwalbar da hannu biyu,
ya tambayi inda ake sayar da shayi.