Ɗakin Ƙasa a Biristol

Ƙarƙashin titi, inda sanyi ke kwana,
tsohuwa Odile na share ƙurar kwalabe.
"Wannan ta shekarar da ƙanƙara ta cinye gona.
Kwando bakwai kakana ya tsinta."

Inabi, in ji ta, ba ya son daɗi.
A tsakuwa yake, saiwa na farautar ruwa.
Sai gangar katako ta rungume jan ruwan
damina biyu, kamar baba a karofi.

Ni ɗaukar akwati ne nawa, ban taɓa kurɓa ba,
amma na san wannan kallo:
haka mahaifina ke duban irin gero.

An sayar da gonar can Faransa tuntuni.
Sunansu kaɗai ya rage a takarda,
tana karanta shi da yatsa.