Zazzaɓin Waya a Jega

Ƙarfe biyu na rana, tsakiyar bazara,
kwanon rumfata yana ƙara kamar ana toya shi.
Sahabi direban albasa ya dire wayarsa gabana,
ya ce, "Taɓa ka ji.
Ko ƙwai ka fasa a bayanta sai ya nuna."

Na taɓa. Na janye hannu.

Tun daga Aliero take yi masa nawa, in ji shi,
taswira ta cije, hoto ya ƙi motsi.
Na ce ba lalaci ba ne, wayo ne:
in ƙwaƙwalwarta ta ji wuta
sai ta rage gudu da kanta.
Gara a makara da a ƙone.

Na zare gam, na ɗaga murfi.
Ciki babu masaka tsinke.
Batir ya mamaye ɗaki, ya bar wa sauran lungu.
Ga wani fallen tagulla
da bai fi ɓawon albasarsa kauri ba,
cikinsa ɗigon ruwa ne, ko hawaye bai kai ba,
ya tafasa nan, ya ruga gefe ya huce, ya dawo,
yini guda yana safara, ba lada ko sisi.

Tulun da ke gindin rumfata ya fi ta sa'a.
Shi yana gumi, iska ta lashe, ruwa ya yi sanyi.
Ita an liƙe mata kowace kafa
don kada damina ta shiga,
ƙofar da aka rufe wa ruwa
ita aka rufe wa iska.

Wanda ya zana ta, can inda ban sani ba,
mudu aka miƙa masa aka ce ya juye buhu.
A yi ta siririya ta shige aljihu,
ta cika caji kafin shayi ya huce,
ta yi gudu, kada kuma a ji kukan fanka.
Taura biyu ba ta taunuwa,
shi biyar aka cusa masa.
Ya ba wannan, ya hana wancan.
Ba na zaginsa.
Ina dai zaton da sanyi a ɗakin da ya yanke hukunci,
bai taɓa barin ta gaban gilashin mota ba
a hanyar Koko, rana tsaka.

Sahabi ya ce ko ya tsoma ta a kular zoɓon Kulu?
Na ce raɓa za ta kwana a cikinta.
Inuwa kawai. Kada ka yi kira tana caji.
Kuma cire mata wannan rigar roba,
wa ke sa bargo a watan huɗu?

Ya juya rigar a hannu, ya daɗe.
Ja ce, da ɗan fure a kusurwa.
"Luba ta saya mani, da kuɗin ƙosanta."

Ya mayar wa wayar rigarta,
ya biya ni ɗari biyar,
ya fita cikin rana.