Awo

Shekara talatin da ɗaya ina taka keke
a rumfata ta bayan Kejetia,
inda hayaƙin turoturo ke shiga yadi ya kwana.
Na san kafaɗar rabin mutanen Aboabo:
wanda ya aje tumbi bayan ya sauko daga Hajji,
yaron da hannunsa ke tsere wa riga duk Sallah.
Ido kawai nake ɗagawa in rubuta.

Amma ke, Barkisu,
awonki na shafin farko
na littafin da ɓera ya ci wa gefe,
da jan biro, wata Laraba da yamma.
Hannuna na rawa, igiyar awo ta faɗi sau biyu,
kika ce, "Tela, ko zazzaɓi ne?"
Tun ranar ban sake auna ki ba.
Cewa na yi na haddace.

Bana na yanka miki leshi ruwan toka,
sidi ɗari huɗu, ban nemi ragi ba.
Na ɗinka shi da hasken waya, an ɗauke wuta.
Kika karɓa hannu biyu: "Allah ya ƙara buɗi."
Ranar Idi na hango rigar
a jikin 'yar ƙanwarki tana tsallake kwata.
Ke kina baya cikin tsohuwar atamfa,
kuma a nan, a tsakiyar titi, cikin kabbara,
na ga kafaɗarki ta dama ta sauka,
wadda ta yi ta sauke tukunyar wake da shinkafa
tun kafin ladan ya yi gyaran murya.
Hannun nan ba ya kaiwa baya.
Ni kuwa a baya na sa zif,
kamar da, lokacin da ni ke ja miki.

Ba mu yi faɗa ba, da na tuna ranar.
Ba wanda ya shiga tsakani.
Likita ya hana ni gishiri, tukunya ta zama biyu,
kwano ya zama biyu,
sai tabarma.
Yaushe na tashi daga Tela na koma Baban Munira?
Da dare rediyo ke yi mana hira,
mu kuma mu yi lissafi:
kuɗin ruwa, kuɗin gawayi, wa ya rasu a Asawase,
wa zai je gaisuwa.

Ɗinki ba ya yagewa rana ɗaya.
Zare guda ke fita, a ce gobe.
Na sha faɗa wa yaran shago haka
ina dungure musu kai.

Ke ma ba ki sani ba,
wata bakwai ke nan Sulle ke zura mini zare a allura.
Ramin ya ɓace mini.
Na so in gaya miki, na tarar kina gyangyaɗi
da ƙullin canji a cinya.

Ran Litinin na naɗe igiyar awo na sa aljihu,
na zo da ita gida.
Na zauna, na ci tuwo, na wanke hannu,
na kalli bayanki kina kwashe toka.
Talata ma haka.
Yau da safe na same ta rataye a ƙusar ƙofa,
an wanke ta, lambobin sun fito raɗau.
Kika ce, ba ki ko juyo ba,
"Ka bar kayan aikinka cikin wanki."

Na ce, "Na gode."
Na tsaya riƙe da ita,
ruwan kokonki yana tafasa.