Dutsi a Kan Kwano

Tun da hantsi rediyo ta faɗa, har sau uku:
iska na tafe daga gabas da ruwa a bayanta,
ta kwana tana yaye rufi wajen Keita.
Maigari ya sa Alhu shela.
Ina bakin rijiya na ji rabin maganar,
na bar guga na taho.

Nomau na Abijan, damina ta biyu ke nan.
Kwanon ɗakin nan guminsa ne,
falle goma sha huɗu, da hannuna na ƙirga.
Ƙusa ce ba ta isa ba,
magini ya ce a yi haƙuri sai kaka.
To, iska ba ta san kaka ba.

Na ɗaure zane na hau tsani,
Mantau na miƙo duwatsu yana nishi.
Adar ba ta taɓa yi mana rowar dutsi ba.
Wanda ya karya mini hauya bara
shi na naɗa mai gadi a kusurwar gabas.
Na ƙara da tayar amalanke,
da turmin da ya tsage ranar sunan Bibata.

Dami tara suka rage a rumbu,
su za su kai mu sabon gero, in sun kai.
Na ɗaure hularsa da igiyar kaba, ƙulli bakwai,
na toshe tsagar gindi da laka,
na shafa shi kamar yaron da za a bari gida.

Awaki na kwance su daga gindin bedi,
reshen nan na sama tun bara nake zarginsa.
Takardun haihuwa, katin asibiti,
hoton Nomau da hula a karkace,
ashana, gishiri, jaka biyu da ɗari biyar,
duk cikin leda, leda cikin kwalla,
kwalla a bisa randa.

Inna Tsahara ta ce ba ta tashi.
Ɗakinta na bakin kwari, nan aka kawo ta amarya.
Ta ce ba ta jira rediyo ba,
tun jiya ta ga tururuwa na hawa da ƙwai,
gwiwarta ma ta ba ta labari.
Na ce, Inna, to ki zo ki riƙe mini yara.
Ta yi tsaki, ta ɗauki carbi da tabarma,
ta ce don yaran ne.

Waya ta yi ƙara, caji saura sanda guda.
Ya ce ya ji, ya ce a danne kwano,
na ce an danne.
Ya ce gona fa?
Layi ya yanke, ya hutar da ni.
Me zan ce? Gero ya kai gwiwa,
ramukan da muka haƙa da rani duk sun yi kore,
ba wanda ya taɓa ɗora wa gona dutsi.

Kafin la'asar gari ya yi shiru.
Jakin Kadade da ba ya rufe baki
ya juya wa gabas baya ya sunkuyar da kai.
Hasken ya koma ruwan goro,
bayan tudu baƙi ya miƙe, babu tsaga.
Ladan ya yi kira da sauri,
kamar ya bar tukunya a wuta.

Na tura su ciki ina taɓa kawuna:
ɗaya, biyu, Inna, huɗu.
Ina Mantau?
Ga shi can bakin danga
da kaza a hammata, yana neman ɗan tsako na shida.

Na ce, bar shi!
Ya ce, yana kuka, ina jin shi.

A bisa kaina falle guda ya fara rawa
ƙarƙashin dutsensa.
Na bar ƙofa a buɗe, faɗin yaro da kaza.